Kaka da Gonar Mutanen Chakma

Jiya na zuba shayin na'ana kofi biyu, na manta Kaka ya shekara da rasuwa.

A gonar dabino ta unguwar Awali, can ƙasa mai tsarki, wani lebura ɗan Bangladash ya taɓa yi mana albishir cewa an ba shi fili kyauta a tsaunukan ƙabilar Chakma, masu shi sun gudu Indiya. Kaka ya dire kofi, na rantse har filin jirgi an ji ƙarar.

"Ya waladi, ɗana, gudu ko kora? Mayar musu."

"Ya Hajj, ai ba Musulmi ba ne."

"To, sai haram ta koma halal?"

Kullum Kaka na binsa da wa'azi har muryarsa ta dishe. Mutumin ya koma ƙasarsu ya gina gida a filin.

Allah ya jiƙan Kaka, ya mayar da korarrun nan gonakinsu.