Gero Ba Ya Biyan Kuɗin Jarrabawa

Babanmu direba ne a Jidda, kuma wallahi ba ya wasa da haƙƙinmu. Wata na ƙarewa zai turo. Matsalar ɗaya ce: ba wa Umma yake turowa ba, wa Baffa ne, yayansa. Wai a gidanmu ƙani ba ya tsallake wansa ya miƙa wa matarsa kuɗi, raini ne.

Shi kuwa Baffa, a wajensa ciyar da iyali hatsi ne kawai. Alat ɗin kuɗin na shigowa zai hau mashin daga garinmu Kademi, sai kasuwar Gaya, sai ga buhun gero a ƙofar gida. Mu da muke noma geron! Ɗakin ajiyarmu har ba ya rufuwa, amma sabulu sai Umma ta sayar da ƙuli.

Shekarar da zan zana jarrabawar fita sakandare abin ya kai ni bango. Ana gab da rufe rijista, 'yan ajinmu duk sun yi, ni ina zaune a kan gero. Na same shi a zaure.

"Baffa, kuɗin jarrabawar nan fa?"

"Kai ɗan nan, ka kwana da yunwa ne?"

"A'a, Baffa."

"To me ya rage? Ubanka cewa ya yi in riƙe masa gida, na kuwa riƙe."

Na ƙona data a kan Baba, saƙon murya a kan saƙon murya, har babban yatsana ya yi tsami. Amsarsa gajeriya: "Ka bi shi a hankali, yayana ne." A hankali! Su masu rijistar a hankali za su jira ni?

Umma ce ta gaji. Ta ce in ɗora buhunan a mashin ɗin maƙwabcinmu in mayar kasuwa. Wanda Baffa ya saya a wajensa shi na tarar. Ya gane ɗinkin buhunsa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kuma karya farashi ba kunya. Na karɓa a haka, na zarce makaranta da ƙura a ƙafa. Sunana ya shiga! Na fito ina tsalle kamar mun ci kofi.

Baffa ya ji, ya kira Jidda ya zazzage faɗa, wai an sayar da abincin gida. Baba ya ba shi haƙuri, ina ji. Da yamma sai ga saƙon Baba a wayata: "Turo min lambar asusunka. Na makaranta zai riƙa zuwa nan. Kada Baffanka ya ji."