Isuhu Ɗan Faransa Ya Rasu, Ni Kuwa Ban San Gidansu Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ofis a unguwar Port Saeed, nan Dubai, ko shayi ban kurɓa ba, wata lambar Faransa ta shigo wayata. Na ɗauka Isuhu ne ya sake layi, har na fara cewa, "Ɗan Faransa, yau kuma kan wane dutsen ka hau?" Sai na ji muryar tsohuwa tana kuka tana Faransanci. Abin da na iya tsinta kawai shi ne sunana da sunansa.

Na ruga ofishin da ke jikin namu na miƙa wa Alhaji Sani wayar, shi mutumin Maraɗi ne, yana jin yaren. Ina kallon fuskarsa har ya yi salati ya jawo kujera ya zauna.

Isuhu ya rasu jiya da yamma.

Ya fita yawon ƙafa kamar yadda ya saba, zuciyarsa ta tsaya a hanya. Wasu masu kekuna ne suka same shi a jingine da bishiya, jakarsa na bayansa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Isuhu ɗan Nijar ne. Kamfanin kargo ɗaya muke aiki, shi ke kula da kwastomomi masu jin Faransanci, ni ina ɓangaren kontena. Gida ɗaya muke haya a Deira shekara da shekaru, firij ɗaya, tukunya ɗaya. A Faransa ya yi karatu, kuma lokacin yana ɗalibi yakan je wani ɗan ƙauye a kudancin ƙasar ya yi aikin gona idan an yi hutu. Matar mai gonar ita ce ta kira ni, Madam Odil. Mijin ya daɗe da mutuwa, amma Isuhu bai daina zuwa ba, kusan duk shekara sai ya yanki wani abu daga hutunsa ya kai can.

Mun yi masa tsiya a kan wannan har mun gaji. Idan ya turo hoto a gurup yana tsaye a kan tudu da sanda a hannu, tambayar 'yan ofis ɗaya ce: "To me ake sarowa a can?" Mu a wajenmu mutum ba ya biyan kuɗin jirgi don ya je ya yi tafiyar ƙasa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Iska nake sarowa, kuma ba ta da kwastan."

Da sanyi ya shigo Dubai ba ya barin mu mu yi barcin Asabar. "Yalla, Kabiru, tashi, Hatta!" Ya kwashe mu a mota zuwa garin Hatta, mu hau duwatsun bayan dam muna haki muna tsine masa, shi yana gaba yana raba mana dabino.

Bara ya ci ƙarfina. Shi ya yi ta zirga-zirgar bizata, na bi shi ƙauyen.

Wallahi har yau ban iya faɗin sunan ƙauyen daidai ba. Gidajen dutse ne a cikin kwari, da tsohuwar coci mai ƙararrawa, da gidan burodi ƙwaya ɗaya da ke rufewa da azahar. Kowa ya san Isuhu. Tsofaffi na zaune a bakin famfon tsakiyar gari suna ɗaga masa hannu, har karnukan garin ba sa yi masa haushi, ni suke yi wa.

Akwai hanyoyin ƙafa da suka ratsa daji da gonakin inabi, an shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu da bishiyoyi don kada mutum ya ɓata. Ya koya min karanta su. Ranar farko na fito da takalmin ofis, kafin la'asar ƙafata ta yi bororo. Ya cire nasa ya ba ni, ya ƙarasa gida da silifas ɗin alwala da ke cikin jakarsa. Ko sau ɗaya bai ba wa 'yan ofis wannan labarin ba, alhali da ni ne da har yanzu ina bayarwa.

Sai ranar kwale-kwale. Ɗan siriri ne na roba, na mutum biyu, ana haya a bakin kogi. Muna shiga ya yi tangal-tangal, na riƙe gefe da hannu biyu ina kalmar shahada da ƙarfi, yaran Turawa na wucewa suna kallona. Isuhu ya bari na gama sannan ya ce, "Kabiru, mi kake tsoro? Ruwan nan iya gwiwa ne." Ya sauka ya tsaya a ciki don in gani.

Ranar kasuwa muka hau kekuna zuwa garin da ke kusa. Cukun awaki, zaitun, zuma, tsofaffin kwanuka. Ni da halina na ce ya tambayar min mai zuma nawa zai bar katan idan mutum zai ɗauki da yawa. Ya ƙi fassarawa. Ya ja ni muka hau wata tsohuwar fada a kan tudu, muka leƙa garin gaba ɗaya da gadarsa, daga nan ya kai ni wani ɗan masallaci na mutanen Maroko a bayan tashar jirgin ƙasa muka yi azahar. Zumar kuwa ashe ya saya a ɓoye. Da muka dawo Dubai ya ba ni ya ce in aika wa Hajiyata a Kano, ya ji na ce tari ya dame ta.

Haka yake. Ya san sunayen 'ya'yana da ajin kowannensu. Ya san unguwarmu, ya san ciwon mahaifina, ya san ranar da ƙanwata za ta shiga tiyata, ya riga ni kiran gida.

To ga abin da ya sa na kasa haɗiye ko ruwa tun safe.

Alhaji Sani ya sauke wayar daga kunnensa ya ce min, "Malam Kabiru, tana tambaya wa za a gaya wa a gida. Ta ce kai ne ɗan'uwansa, haka ya faɗa mata."



Ban san garinsu ba. Na san dai wajen Damagaram ne. Ba ni da lambar kowa nasa. Sunan mahaifinsa ma yau na fara jin sa, a bakin Baturiya, ta karanto shi daga fasfo: Isuhu Mamman. Mu Ɗan Faransa muka sani, haka yake a wayata, haka yake a wayar duk wanda na tambaya yau. Kun san yadda muke a nan. Ana laƙa wa mutum suna ranar da ya zo, shi ke nan an gama. Idan bai kawo zancen gida ba, ba a tambaya, mu ce kawaici ne, kowa da abin da ya baro. Ni ma da kawaicin na kira shi har zuwa safiyar yau. Alhaji Sani ya dube ni, na dubi ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma ba wanda ya zage ni.

Gawarsa tana asibitin garin. Madam Odil da ƙafarta ta je masallacin nan na bayan tasha ta nemo liman, ya ce a shirye suke su yi masa wanka da salla. Amma hukuma ta ce sai dangi sun faɗa, a binne shi a maƙabartar can, ɓangaren Musulmi, ko a kai shi gida. Wayarsa a kulle take a hannun 'yan sanda. An sanar da ofishin jakadanci, sai dai aikin ofis ba ya sauri, ɗan'uwanmu kuwa yana kwance a cikin sanyi yana jira.

Ita ce ta gaya mana mahaifiyarsa na da rai. Ta ce a cikin kwarin sabis ba ya kamawa sosai, shi ya sa duk Juma'a yake hawa tudun bayan coci ya kira tsohuwar, su daɗe suna hira. Ta san yana da ƙanwa mai aure. Lamba ce kawai ba ta da ita, ta ɗauka tana wajena.

Ganina da shi na ƙarshe, ana gobe zai tafi, mun sha shayin karak a bakin ruwan Creek bayan an tashi aiki, muna kallon ana loda kaya a jiragen katako. Ya ce, "Bana ba ka zuwa? Kwale-kwale na tambayar ka." Na ce ya gaishe shi. Har mun miƙe ya ce, "Af, na manta. Tsohuwata ta ce in gaida Kabiru mai tsoron ruwa."

Na yi dariya na ce ina amsawa.

Iyakar abin da na ce ke nan. Matar nan ta san sunana, an ba ta labarina har ta yi min tsiya daga ƙauyensu, ni ko "ba ni ita mu gaisa" ban ce ba.

Jibi Juma'a. Tsohuwar za ta ajiye waya a kusa da ita tana jiran kiransa.

Don Allah, don Annabi, 'yan'uwa na Nijar da ke Dubai da Sharjah, da na gida, musamman mutanen Damagaram, ku duba hoton nan da kyau ku tura gaba. Dogo ne, yana da tabo a girar hagu, ya yi karatun noma a Faransa. Duk wanda ya gane shi ya yi min magana ta inbox tukuna. Kada a kira tsohuwar kai tsaye, kada a nuna mata waya. A samu dattijo ya taka ya je ya zauna da ita. Duk abin da suka yanke, ni zan tafi Faransa in tsaya a kai, idan gida suka ce ni zan rako shi.

Allah Ya jiƙan ka, Isuhu. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Yadda ka riƙe mutane a ƙasar da ba taka ba, Allah Ya riƙe ka da rahamarSa. Madam Odil kuma Allah Ya saka mata da alheri.

Duk wanda ya karanta, ya daure ya yi masa Ƙulhuwallahu. Ku haɗa da mahaifiyarsa a cikin addu'ar, Allah Ya ba ta juriyar abin da ke tafe gare ta.

Ku yi haƙuri, ba ni da sunanta da zan ba ku.