Ranar da Aka Ji Tsoron Bakabe

Safar hannu ce ta jawo mana. Akwai wani Alhaji ɗan Kano da ke sarin kaya a kasuwar Ataba yana aikawa gida, shi ne uban ɗakin duk ɗalibin da yunwa ta taɓa korowa daga ɗaki a Alƙahira. Wata rana ya sayi kwali guda bai buɗe ba. Dillali ya ce masa safar fata ce mai kauri, shi kuma ya hango masu walda. Da aka buɗe sai ga wasu jibga-jibgan abubuwa masu faɗin faifai, kuma duk na hannun hagu. Alhaji ya yi kwana da kwanaki yana Allah ya isa. Daga baya wani Ba'amurke mai koyarwa a unguwar Maadi ya ga ɗaya a bayan motarsa, ya ce ai ta besbol ce, suna ma da 'yar gasa duk Asabar, ƙungiya ɗaya suke nema su cika. Alhaji ba ya yarda da asara. Tunda kaya sun ƙi sayuwa, sai a nemo masu sakawa.

Mu ne masu sakawar. Mutumin da kake cin tuwonsa duk Juma'a ba ka iya kallon idonsa ka ce ba ka san besbol ba.

Wasan kansa ba wuya a baki. Wani ya jefo maka 'yar ƙwallo mai taurin dutse, ka make ta da kulki, ka zura da gudu ka zaga tasha uku ka dawo inda ka tashi, an ci ɗaya ke nan. In ka kaɗa sau uku ba ka same ta ba, ka fita. In aka taɓa ka da ita kana tsakanin tasha da tasha, ka fita. Tarbiyya ce ta ba mu wahala. A wasanmu na farko mai gadin tasha ta ɗaya, wani hafizi ɗan Damagaram, ya ga Bature ya iso gabansa yana haki, sai ya yi masa sannu da zuwa, ya tambaye shi gida da iyali. Da Baturen ya tashi wucewa tasha ta biyu sai ya taka masa, don ba a barin baƙo ya tafi ba rakiya. Ƙwallon tana hannunsa har suka yi sallama. Da aka ce mana kuma ana iya satar tasha idan mai jifa ya yi sakaci, sai aka dakatar da atisaye, 'yan ajin Shari'a suka zauna. Aka tashi a kan cewa ya halatta, amma a nemi izini tukuna.

Duk cikinmu mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske, abokin zamana a Hadayek el-Maadi. Ni Bakatsine ne, shi Bakabe, abokan wasa ke nan, don haka ban taɓa kiransa da sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Dogo ne, siriri, ba ya son magana. Mutum tara ake sakawa a wasa, Alhaji kuma da girma ya jera mu: masu rubuta digiri na uku a gaba, sannan mahaddata, sannan masu aure, sannan mu tarkace. Na riga Bakabe zuwa Masar da shekara guda, sai na zama na tara, ya zama na goma. Ni da ban taɓa samun ƙwallo ba sai in ita ce ta same ni.

Kullum bayan la'asar sai ya ja ni rufin benenmu, tsakanin farantan tauraron ɗan'adam na maƙwabta da kejin agwagin bawwab, wato mai gadin gidan. Da sandar goge-goge ya fara, ni ina jefa masa dunƙulen safa. Daga nan muka koma lemun tsami, sannan ƙwallon dabino, wai in ya iya samun ƙarami babba ba zai gagare shi ba. Wallahi ya iya. Ina jefawa zan ji tas! Ƙwallon dabino ya tsallake gida biyu. Bawwab ya hau ya yi mana tas shi ma, ranar da wata agwagwa ta kwanta jinya, Bakabe ya yi ta ma'alish yana ba da haƙuri har mutumin ya gaji ya sauka.

Na taɓa tambayarsa, "Kai Bakabe, mutumin ruwa da kifi, me ya haɗa ka da wasan Turawa?"

Ya ce, "Tun da na zo ƙasar nan duk abin da na sani wani ne ya karanta mini na maimaita. Wannan kaɗai ne na koya wa hannuna da kaina. Sau ɗaya nake so in tsaya a filin nan a jefo mini ta gaske, in gani ko na iya."

Ban yi masa tsiya ba ranar, abin da ba kasafai nake bari ya wuce ni ba.

Da wani babbanmu ya gama karatu ya koma gida sai gurbi ya buɗe. Bakabe ya wanke takalminsa. Muka je wurin Alhaji a ɗakin ajiyar kayansa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga na gida ya nuna. In ka ga abin da yake yi a rufin bene sai ka riƙe baki."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ustazu, ni ɗan kasuwa ne. Ban taɓa zama na shuka abin da zan iya sarowa ba. Yaushe zan jira ɗalibi ya nuna? Khalas, magana ta ƙare, zan ɗauko haya."

Ya kuwa ɗauko. Na farko wani Basa'ide ne daga kudancin Masar, gwanin wasan sanda a bukukuwa. Ya shigo fili da jallabiya, ya juya kulki a saman kansa, ya yi rawa mai kyau har Turawa suka tafa, sannan ya juya ya fuskanci mai kama ƙwallon da ke tsugune a bayansa, ya ce ya tashi su gwada. Na biyu wani ɗalibi ne ɗan Pakistan, wai a ƙasarsu akwai mai kama da wannan. Shi kam ya sami ƙwallon, amma sai ya riƙe kulkinsa ya yi ta kai da komo tsakanin gida da tasha ta ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi, ba wanda ya iya tsayar da shi. Kowanne in ya ci kilishi ya karɓi turmin shadda sai mu neme shi mu rasa. Basa'iden ma mun gan shi wata Asabar yana yi wa wata ƙungiya rawa. Bakabe yana kan benci yana tafa musu duka, kusan shekara biyu.

Sai karatunsa ya ƙare. An ba shi takarda, an yankar masa tikiti, makarantar garinsu tana jiransa. Asabar ɗaya ta rage masa a Masar, ita ce kuma wasan ƙarshe na gasar. Na koma wurin Alhaji ni kaɗai, na ajiye kunya na roƙe shi. Ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da duk Bahaushe ya san ma'anarta. Ashe ya riga ya samo na gaske: wani mai dafa abinci a wani ofishin jakadanci a unguwar Dokki, baƙi kamarmu, ɗan wani tsibiri can yamma da teku, wanda ya taɓa cin abinci da besbol lokacin ƙuruciyarsa. Alhaji ya cika Maadi da labarinsa. Ya sa wani tela Bahaushen Sudan ya ɗinka masa rigar wasa da aikin zare ruwan zinari tun daga wuya har ciki, irin na babbar riga. Ranar wasa kuma ya kafa masa rumfa da labule a bayan benci don gudun kambun baka. Ya ce ba za a fito da shi ba sai ƙarshe, don kaya mai tsada ba a baza shi da sassafe.

Abokan karawarmu tsofaffin ma'aikatan kamfanin mai ne, kowa da ciwon gwiwarsa, shi ya sa muka iya riƙe su. Muna fili muna fama, Alhaji yana cikin labule yana karrama baƙo. Hajiya ta aiko da tuwon shinkafa miyar taushe, da waina, da farfesun kan rago, da fura a kwano mai murfi. Na leƙa sau ɗaya shan ruwa, na ji mutumin yana cewa khalas, khalas, wato ya isa, yana kare kwano da tafin hannu. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka ga ɗan mutunci? Kunya gare shi kamar Bafillace. Ƙara masa." Duk khalas ɗin da bawan Allahn nan ya yi, sai an ƙara masa malmala. Shi kuma a tarbiyyarsu ba a barin abinci a kwano.

Zagayen ƙarshe ya zo. Ci ɗaya suka fi mu, muna da mutum a tasha ta biyu, saura ɗan wasa ɗaya su fitar wasa ya tashi. Alhaji ya gyara hula ya yaye labule. Baƙo yana kwance rigingine a kan darduma, ya kwance belet, yana numfashi da baki. Aka yi ta yalla, wato tashi mu je, aka yi fifita, aka kama hannunsa. Ya buɗe ido ɗaya ya faɗi wata magana da yarensu, ya mayar ya rufe.

Alhaji ya waiwayi bencin nan. Mutum ɗaya ne a kai.

"Ustazu, tashi. Amma sa rigar nan, ba za a yi asarar ɗinki ba."

Rigar ta yi wa Bakabe yawa, iska tana kaɗa ta, zinarin yana ɗaukar ido. Ya kifa hular ƙarfe ya ɗauki kulki. Ni ne mai bi masa, don haka ina kusa na ga yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya yi bisimilla ya tsaya, tsayuwar rufin bene.

Sai Turawa suka tsayar da wasa. Suka taru a tsakiyar fili suna ƙus-ƙus suna satar kallon rigar. Shekara biyu suna wuce shi a kan benci ba wanda ya taɓa duban fuskarsa, yau sun ga gwanin da aka yi wata guda ana ba su labari. Da suka watse sai mai kama ƙwallo ya miƙe tsaye ya matsa can gefe, mai jifa ya lulo masa ita a hankali, nesa da Bakabe, inda ko da gora ba za a kai ba. Na ce kuskure ne. Ya sake. Ya kuma sakewa. Na tambayi Ba'amurken nan mai koyarwa, shi ne alƙalin wasa, me ya sa ake yin haka. Ya ce doka ce: in aka jefa huɗu a karkace, mai kulki ya tafi tasha ta ɗaya kyauta ba tare da ya buga ba. Ana yi wa wanda ake tsoro, don a fuskanci na bayansa. Ya dube ni da tausayi, don ni ne na bayan.

Bakabe ya gane kafin ta huɗu. Ya sauke kulki ya yi wa mai jifa magana da Larabcin makaranta, mai wasali cikakke, wai don Allah ya jefo daidai. Ya maimaita da Larabcin titi. Ya koma Hausa: "Ba ni ba ne! Wallahi ba ni ba ne, shi yana ciki yana barci!" Mai jifa ya ɗaga masa hula cikin girmamawa, ya lula ta huɗu can gefe.

Alƙali ya nuna masa tasha. Bakabe ya ce ya gode, ya yafe. Alƙali ya ce ba a yafewa. Ya ce to ya ba ni kyautar, ni in tafi shi ya tsaya. Aka ce ba a bayarwa. 'Yan ajin Shari'a suka taso da hujja cewa kyauta ba ta tabbata sai an karɓa, alƙali ya ce bai san wannan ba. Alhaji kuwa yana tsalle a bakin fili, babbar riga tana tashi, yana ihu: "Kun gani? Tsoro suke ji! Riga kawai suka gani suka tsure! Tafi mana, Ustazu, kyauta ce!"

Ya tafi. Tafiya ya yi, ba gudu ba, kulkin yana hannunsa har sai da aka bi shi aka karɓo mini. Na kaɗa uku na sami iska uku, wasa ya tashi. Turawa suka yi layi suna gaisawa da Bakabe hannu biyu-biyu, wani har ya ɗauki hoto da shi. Alhaji ya ce bai taɓa kashe kuɗi ya ji daɗi irin na yau ba, baɗi zai ɗinka tara.

A mikrobas ɗin komawa gida mun matsu a kujerar baya, gwiwoyinsa sun tokare da ta gaba. Na shirya tsiya kala-kala tun daga fili, ko ɗaya ta ƙi fitowa. Haushi nake ji, na Alhaji, na Turawa, da na shekara gudan da na riga shi zuwa. Sai da muka kusa sauka ya yi magana, bai dube ni ba.

"Bakatsine, tsakaninka da Allah. Da sun jefo, da na same ta?"

Na ce, "Da ka same ta."

Ya ce, "Kai ma ba ka sani ba."

Gaskiya ya faɗa. Ya miƙa wa direba kuɗin mutum biyu, ya ce a sauke mu a bakin gada.