Maginin da Ya Koya Mini Tayar da Kek ɗin Shinkafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kakana na wajen uwa, wanda mu jikokinsa muke kira Baba Tsoho, bayan jinyar kwana shida. Shekara arba'in ya yi yana sana'ar gini kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ya rasu saura kwana tara in shiga jarrabawar girki ta ƙarshe a makarantarmu. Ni ba mai yawan magana ba ce, a wajen zaman makoki ma na kasa cewa komai. Shi ya sa na ɗauki biro, domin ina da albishir, Baba Tsoho, kuma naka ne.

Ka san tun ina shekara takwas likita ya hana ni cin alkama. To da Malamar girki ta ce kowace ɗaliba za ta gasa kek a gaban mai duba jarrabawa, ta kuma ɗanɗana abin da ta gasa, sai na ga kek ɗin alkama ya fi ƙarfina. Da ƙyar na ɗaga hannu na roƙi alfarmar yin nawa da garin shinkafa. Ta amince, da sharaɗin ya tashi, ya yanku kamar na kowa. In ba haka ba, makin ya tafi.

Na farkon da na gwada a gida, kai na kawo wa a tsakar gida. Ka ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ka kasa kunne, sannan ka ce, "Injiniya, wannan ai bulo ne mai kyau. Buga mini ɗari biyu mu zagaye gida." Daga ranar sunan ya bi ni. Kakata Inna ta ce kai da ko ruwan shayi ba ka iya dafawa, me ya haɗa ka da kek? Ka ce duk abin da ake kwaɓawa a jira ya tsaya da ƙafarsa, aikinka ne.

Kuma ashe da gaske kake. Ka murza ɓarɓashin a tafin hannu, ka ce yashina bai sha tankaɗe ba. Na mayar da garin wurin mai niƙa, na tankaɗe shi sau biyu da rariya mai laushi. Na biyun yana ganin wuƙa ya wargaje. Na ɗauko littafina na karanta maka cewa alkama tana da wani danƙo da ke riƙe kek, shinkafa kuwa ba ta da shi. Ka ce, "Wato yashi ne babu siminti. To nemo wani simintin." Muka ƙara ƙwai ɗaya a na uku, sitacin masara a na huɗu, sai ga shi ya kama jikinsa. Dokarka ɗaya ce: kada a canja abu biyu a lokaci guda, don a san mai laifi.

Na biyar ya tashi har na yi tsalle, sai kuma tsakiyarsa ta lotsa kamar tsohuwar katifa. Ka tambaye ni sau nawa na buɗe obin, wato murhun gashi, na leƙa. Na sunkuyar da kai na ce sau uku. Ka ce babu maginin da yake cire katakon rufi kafin siminti ya kama. Washegari ka sa aka kai kujerarka kicin, ka gitta sandarka a ƙofar obin, ka zauna gadi. Daga baya kai ne kuma ka ce faffaɗan ɗaki marar ginshiƙi dole rufinsa ya sauko, don haka muka raba kwaɓin a ƙananan gwangwani biyu.

Saura matsala ɗaya: yana da ɗan tsaki-tsaki a harshe, yana kuma bushewa. Na kai maka yanka guda kana kwance, ba ka iya cin komai, amma sai da ka murza shi. Muryarka can ƙasa ka ce, "Garinki bai sha ruwa ba. Ki kwaɓa, ki rufe, ki ba shi rabin awa. Gaggawa ce ke tsaga bango." Ban samu gwadawa ba. Bayan kwana biyu ka tafi, kicin ya cika da tukwanen masu gaisuwa.

Don haka a ɗakin jarrabawa na fara gwada maganarka. Kowa ta zura gwangwaninta a obin, ni kuwa na rufe kwanona na tsaya, hannu a baya. Mai dubawa ta zo kaina ta ce, "Ke, kin gama ne ko kin manta?" Ni da ko amsar da na sani ba na iya faɗa a aji, sai na ji bakina yana cewa, "Garin ne yake shan ruwa, Malama. Kakana ya ce a jira shi." 'Yan ajinmu suka ƙyalƙyale da dariya. Rabin awa na cika na zuba bekin foda mai sa kek ya tashi, na juya, na saka a wuta. Ban leƙa ba ko sau ɗaya, kamar sandarka tana nan a gicce.

Baba Tsoho, ya tashi! Wallahi ya tashi har ya ɗara bakin gwangwani, kuma bai lotsa ba! Ni ce ta ƙarshe, lokaci ya kusa ƙarewa, amma wuƙa ta ratsa shi sumul, babu ɓarɓashi, babu tsaki. Na ci a gaban kowa, karo na farko a ajin nan. Mai dubawa ta nemi ƙarin yanka, ta tambaye ni a wane otal kakana ya yi aiki. Na ce magini ne.

Ɗayan gwangwanin na kawo wa Inna. Ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa yadda kake yi, ta kasa kunne, shiru. Ta danna, ya dawo. Ta ce, "Wannan kam ba a gini da shi." Muka yi ta dariya, hawaye yana zuba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Mamata, da kawunnaina, da tsofaffin abokan aikinka da suka zo suna lissafa gidajen da ka gina waɗanda har yau ba su tsage ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Ka gina wa mutane inda za su fake, Allah Ya gina maka naka gidan a Aljannar Firdausi. Amin.

Jikarka, Injiniya.