Shasha ta Biyu, Faƙat

Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Gadarif. Ranar da malamarmu ta tafi biki garin Basunda, ni ta bar wa ajin da laftof ɗinta, a jone da babbar shasha, allon nan na bango.

Darasin ya fito a wuri biyu. Mata suka ƙyale na bango, suka yi min rumfa suna leƙen ƙaramin. Na kife murfin kamar na tukunya, sai duka biyun suka yi duhu.

"Hajja, kin kashe kayan mutane!" in ji maƙwabciyata. "Koma kakkaɓar riɗinki, mu tashi."

Na ce, "Wallahi ba mai tashi!"

Na buɗe, na danna inda na ga malama tana dannawa. Rubutun Larabci ya fito. Na ɗora yatsa, ina haɗa baƙi da baƙi da ƙarfi: shasha ta biyu, faƙat, wato ita kaɗai. Na taɓa. Ƙaramin ya mutu, na bango ya haska.

Na ce, "Halas, shi ke nan, kowa kan tabarmarta. Ke mai baki, fara mana."