Kwaɗi Uku da Nas ɗin Bayan Katangarmu

Iya ba ta yin tatsuniya sai an kwashe tuwo. Da Inna ta sauke tukunya, sai Iya ta jawo kujerarta kusa da murhu, ta tona garwashi, ta binne mana dankali a toka. Mu bakwai ne, jikokinta da 'ya'yan 'yan haya, a gidanmu na Unguwar Kanawa. Iya kakata ce ta wajen uba, kuma sunanta na ci, shi ya sa take ce mini Takwara. Wurin zamana jikin cinyarta ne, duk wanda ya riga ni sai mun yi dambe. In jirgin soja ya taso daga Mando tana tsakiyar labari, sai ta kama bakinta har ya wuce, wai ita ba ta gasar surutu da ƙarfe.

Ita ce ungozomar unguwa, rabin yaran layinmu ita ta yanke musu cibiya. A lokacin matan aure ba sa fita, duk labarin duniya sai dai a kawo musu har ɗaki. Masu kawowar kuwa uku ne, don su kaɗai ke shiga kowane gida: Iya, da Uwani mai kitso, da Tabawa dillaliya mai yawo da atamfa da kwanuka.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama aka yi mana sabuwar maƙwabciya, Malama Rabi, nas ce a asibitin gwamnati, mijinta akawu, Zagezagi ne. Katanga ɗaya ta raba mu. Kafin damina ta fita mata sun gano ta. Ta karɓi haihuwa biyu masu gardama lafiya lau, sai ga shi ko ciwon mara mace ta ji, ita ake aika wa. Inna ma, da take da tsohon ciki, ta sa an kira ta. Ta dudduba ta ce ɗan a gicciye yake kwance, in naƙuda ta tashi a ƙwanƙwasa mata ko tana salla. Inna ta yi ta godiya, har ta aika mata da dambu.

A kwanakin nan ne Iya ta ba mu labarin kwaɗi.

"Ga ta nan," in ji ta, "wanda ya yi gyangyaɗi ya yi wa kansa."

Wai akwai wani tafki mai ruwan daɗi da duk namun dawa ke sha. Kwaɗi uku suka gaji da tattaka su da ake yi, suna so tafkin ya zama nasu, ga shi ba su da ƙaho ba su da farce. Sai ɗaya ya tare a hanyar gabas, ɗaya a ta yamma. Duk dabbar da ta zo wucewa sai su gaishe ta da ladabi, su ce, "Ranki ya daɗe, kin kuwa ji abin da ake faɗa a kan ruwan nan? Ni dai ban gani ba." Na ukun yana bakin ruwa, shi ba ya cewa komai. In an tambaye shi sai ya dubi tafkin, ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya. A nan Iya takan kumbura kumatu ta yi mana ajiyar zuciyar kwaɗo, mu yi ta birgima a tabarma.

"Kuma ko a hanya suka haɗu ba sa gaisawa," in ji ta, "don kada a ce bakinsu ɗaya."

Barewa ta ji a gabas, ta ji a yamma, ta ga na bakin ruwa, ta koma da ƙishinta. Cikin kwana bakwai kwaɗi suka huta, don namun dawa da kansu ke gaya wa juna. Har giwa ta rantse kakarta ma ta taɓa faɗa.

Na ce, "Iya, to me ya sami kwaɗin?" Don a tatsuniyoyinta mugu ba ya ƙarewa lafiya.

Ta ce, "Suna nan cikin ruwansu, Takwara. Ciro dankalinki kada ya ƙone."

Ban san ranar da magana ta fara juyawa a kan Malama Rabi ba. Na dai fara jin mata suna cewa hannunta ba shi da sa'a, wai a Zariya ma abin da ya kore ta ke nan. Waɗanda ta karɓi haihuwarsu suka ce Allah ne dai ya kiyaye. Aka daina aika mata abinci. In aka tambayi Iya, sai ta ce ita ba ta shiga maganar mutane. Na tuna har alfahari na yi da ita. Uwani da Tabawa kuwa suka ɗauke ƙafa daga gidanmu, aka ce sun ɓata da Iya.

Naƙudar Inna ta tashi ranar wata Lahadi da hantsi, Baba yana shagonsa na ɗinki a kasuwa. Har la'asar shiru. Mata biyar ne a ɗakin, ni ina bakin ƙofa, ina jin rediyon Malama Rabi ta bayan katanga da ƙarar ruwan wankinta. Sai na ji muryar Iya tana rawa, abin da ban taɓa ji ba.

"A kira nas ɗin nan."

Inna ta ce, "Iya, don girman Allah kada ki sa ta taɓa ni. Kowa ya san hannunta."

Matan suka kama, "Haba Iya, ke da kanki? Duk unguwa ta sani." Iya ta yi shiru. Sai bayan magariba Baba ya samo mota. Ɗan bai zo da rai ba, Inna ta cika a asibiti washegari. Ina da shekara tara. Malama Rabi ta zo gaisuwa tana kuka, mata suka janye jiki daga tabarmar da ta zauna. Kafin arba'in ita da mijinta sun tashi daga unguwar.

Iya ce ta riƙe ni, ita ta aurar da ni. Bayan rasuwarta da shekara biyu na je wurin Uwani kitso. Ta tsufa, baki ya saki, ga son tuna da.

"Allah ya jiƙan Iya," in ji ta, kaina yana cinyarta, "mace mai dabara. Kin san ita ta raba mana aiki a kan 'yar bokon nan da ta so ta raba ta da sana'arta? Ni layin masallaci, Tabawa layin famfo, ita ta ce nata shiru ne. Har cewa ta yi mu daina zuwa gidanku. Wata biyu, 'yar nan, wata biyu kacal!"

Dariya take yi. Ta manta 'yar wa take yi wa kitso. Ni kuwa ban iya ɗaga kaina ba, don rabin gashina yana hannunta.

Na yi shekaru ina juya abin nan. Na gane cewa gida arba'in ba su yi shawara ba, kowace mace ta ji magana daga baki biyu, ta ga shirun na uku, ta ɗauka ita kaɗai ta rage ba ta sani ba. Yau in aka ce mini kowa ya sani, sai na tambaya wa ya fara faɗa, har 'ya'yana suna cewa na cika gardama. Tsoron da Iya ta ji na a mayar da ita tsohuwar banza ina iya fahimtarsa, ni ma yanzu na tsufa. Na kuma yarda ba ta nufi Inna da sharri ba, ai ita ta ce a kira.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shirun da ya biyo baya. Da ta buɗe baki a gaban matan nan biyar ta ce, "Ni na ƙirƙiro maganar, ƙarya ce," da kunya kawai za ta sha, da ni kaina na tsallaka katangar. Ta auna kunyarta da ran uwata, ina tsaye a bakin ƙofa. Wallahi ta cuce ni. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, har na yi aure kullum ni nake kai mata ruwan alwala, tana sa mini albarka, ba ta taɓa gaya mini ba.