Ranar da Kakata Ta Miƙe a Gaban Kansila

Shekaranjiya ina wucewa ta wani lungu a unguwarmu ta Daura, nan Karaye, sai ƙanshin suyar gyaɗa ya tsallako katangar wani gida ya tare ni. Ba irin wadda ake soyawa don talla ba, wadda ake bari ta ɗan yi duhu don a matse mai. Na tsaya cak kamar an kira sunana. In kai ma ka tashi a gidan da ake yin ƙuli, ka san abin da nake nufi. Ƙanshin nan ba ya barin zane, ba ya barin gashi. Haka kakata take ƙanshi, mahaifiyar babana, tun da na buɗe ido na gan ta har ranar da aka fita da ita.

Ƙauyenmu yana ɓangaren Fulatan, a ƙasar Rogo. Tsakaninmu da hanyar mota akwai rafi. Da rani ba ka cewa rafi ne, fili ne na farin yashi inda muke wasan langa, mu tona rami da hannu mu sha ruwa mai sanyi. Amma da damina ta kankama sai ya zama wani abu dabam. Ya yi ja wur, ya riƙa ruri ana ji tun daga tsakar gida, yana tafe da kara da itace, wani lokaci har da akuyar wani. In ya cika, ba kasuwa, ba makaranta, ba asibiti. Sai a jira shi ya sauka don kansa.

Kakata ƙaramar mace ce mai sanyin murya. Ban taɓa jin muryarta ta wuce zaure ba. Kakana kuwa manomin gyaɗa ne da ake ji da shi, dogo, mai ƙarancin magana, wanda in ya faɗi abu a ƙofar masallaci an gama. In ya shigo gida takan rage murya, ko da kuwa da kaji take faɗa.

Wata damina, lokacin na fara ɗaukar ƙaramin tulu, naƙuda ta zo wa mahaifiyata da gardama. Ungozoma ta yi iya yinta ta ce a tafi Rogo. Aka ɗora ta a amalanken shanu zuwa bakin rafi, aka tarar ya cika maƙil saboda ruwan da aka yi da asuba. Motar da za ta kai ta tana can ƙetare, muna ganin direban yana ɗago mana hannu. Tun hantsi ake zaune har rana ta karkata. Kakata tana zaune a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ɗora ƙafafun surukarta a cinya tana matsawa a hankali, idonta na kan ruwan. Da ya ɗan ja baya, maza suka ɗaga mahaifiyata a kan ƙyaure suka ratsa, ruwa har ƙirji. Allah ya bar mana ita. Yaron bai zo da rai ba.

Aka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa haka Allah ya so, kakata tana amsawa da haka ne. Sai dai an daɗe ba a ɗora kasko a gidanmu ba.

Da rani ya shigo sai ga wata malama daga Karaye, ana kawo ta a babur, ta buɗe wa matan aure ajin yaƙi da jahilci a tsakar gidan mai unguwa, tsakanin azahar da la'asar. Kakata ta ce ita me za ta yi da boko da furfura, rakiya kawai za ta yi wa mahaifiyata, wadda tun damina ba a ga dariyarta ba. Ashe mai rakiyar ce za ta fi kowa naci. Duk takardar da ta taɓa sai ta yi tabon man gyaɗa, har malama takan gane tata ba sai ta duba suna ba. Mu yara mukan zauna a bakin tabarma muna ƙunshe dariya in tsofaffi sun rubuta baƙi a juye.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, ba a karatu da lissafi kaɗai ajin ya tsaya ba. In an gama da baƙaƙe, sai malama ta goge allo ta tambaye su wa ke gyara hanya, wa ke kawo magani ɗakin shan magani, wa ya zaɓi kansila, kuma me aka zaɓe shi ya yi. Ta ce kansila ɗan aike ne, su suka aike shi, kuma wanda ya yi aike yana da damar tambayar yadda aka yi. Kakata ta faɗa mini daga baya cewa kafin ranar, ita a ganinta hukuma kamar hadari take, ta zo in ta ga dama, ta wuce in ta ga dama, naka kallo.

Malama ta ce ajin ya samu ne ta hanyar wani ƙawance tsakanin yankinmu da wani ƙaramin gari can ƙetaren teku. Mun ɗauka zance ne, sai da muka ga baƙuwa da idonmu. Wata doguwar dattijuwa ce, Baturiya, gashinta fari fat, ta yafa gyale yadda aka nuna mata. Hannayenta na fi tunawa, kaushi gare su irin na mai aikin ƙarfi. Aka ce kiwon shanu take yi, kuma kansila ce a garinsu. Ta zauna a tabarma da ƙyar tana naɗe dogayen ƙafafunta, matan suna ta kallonta, sai kakata ta gyara murya.

"Malama, tambayar mini ita. Ita da take kansila, wa take tsoro?"

Da aka fassara mata, baƙuwar ta yi dariya har ta share ido. Ta ce mutanen da suka zaɓe ta, don har wajen tatsar nono suke iske ta su tambaye ta abin da ta yi. Sannan ta ce ita ma da tata matsalar ta zo. A garinsu in an kira taro mutane ba sa fitowa, kowa yana ɗakinsa. Ta ji an ce mu muna da wani abu wai shi gayya, tana so a koya mata. Kakata ta gyara zama ta shiga yi mata bayanin yadda ake kiran gayya, da wanda ke dama kunu, da kunyar da ke kama wanda ya ƙi fita. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin ta ranar ba. Muna dawowa gida take ta nanatawa ita kaɗai: "Wai har wajen tatsa."

Kafin ruwan farko ya sauka, labari ya zo cewa an ware wa ƙauyenmu aiki guda, kuma kansila zai zo mutanen gari su zaɓa da kansu. Maza sun riga sun tsayar da magana: ɗakin ajiyar amfanin gona. Kakana ne kan gaba. Kuma ka sani, ba son zuciya ba ne. Kowace shekara da kaka ana sayar da gyaɗa a wulaƙance saboda rashin wurin ajiya, wadda aka ajiye kuma ƙwari da raɓa su lalata. Yana da gaskiyarsa.

Kakata ta ji labarin. Sai ta ɗauki mayafi ta nufi ruga wajen ƙawarta, wata tsohuwar Bafulatana da suka daɗe suna musayar mai da nono. Matan ruga su ma rafin yana cinsu, don in ya cika nononsu a ƙwarya yake tsami. Suka wuni a gindin bishiya suna magana, rabi Hausa rabi Fulatanci. Ana gobe taro, da ta kai wa kakana abinci, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

"Malam, gobe zan yi magana."

"A ina?"

"A wajen taron."

Ya daɗe yana kallonta, loma a hannu. "To. Allah ya sa ki san abin da za ki faɗa."

An yi taron da safe a gindin tsamiyar makarantar firamare. Maza a gaba, kansila da mai unguwa a kan kujeru, mata a gefe bayan zana, da matan ruga da ƙoransu a ajiye. Maza suka yi bayaninsu, kakana ya rufe. Kansila ya tambaya ko akwai mai ƙari, yana ƙoƙarin miƙewa. Sai aka ga zana ta motsa.

Ta fito da tsohon mayafinta mai ruwan toka. Ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta gaida liman, ta gaida kansila wanda bai kai ɗanta na fari ba, ta yi masa ranka ya daɗe, ta tambayi iyali da gajiyar hanya. Sannan ta miƙe tsaye. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a saman tsamiya. Babana ya sunkuyar da kai. Ya san abin da za ta ambata, kuma a wurinmu ko a cikin ɗaki uwar miji ba ta ambaton haihuwar surukarta, balle a bainar maza.

"Bara na zauna a bakin rafin nan da ƙafar 'yar mutane a cinyata," in ji ta. "Mota tana can, muna nan. Rai na Allah ne, ban zo jayayya da hukuncinsa ba. Amma ruwan nan zai dawo bana, kuma a bayan zanar nan akwai masu ciki. Ɗakin ajiya abu ne mai kyau, ni ma da gyaɗa nake ci. Mu dai kwalbati muke roƙo. A'a, malama ta ce ba roƙo ba ne. Kwalbati muke so."

Wani dattijo ya fara cewa ai an riga an gama magana. Kansila ya ɗaga masa hannu, ya ce shi an turo shi ya ji ta bakin gari, kuma gari bai ƙare a inda tabarmar maza ta ƙare ba. Aka rasa yadda za a raba gardama, sai malama ta kawo shawara. Aka ajiye ƙwarya biyu, aka ba kowane baligi, mace da namiji, ƙwayar gyaɗa ɗaya. Har yau ina jin ƙarar faɗawarsu, ƙwas, ƙwas, tun ƙwaryar tana amsawa har ta daina. Na ga mahaifiyata ta jefa tata ba ta kalli kowa ba. Na ga babana ya daɗe a tsaye tsakanin ƙoran biyu, mahaifinsa na kallonsa, sannan ya saki tasa a ta kwalbati. Kakana ya taka a hankali ya sa tasa a ta ɗakin ajiya, kamar yadda ya faɗa tun farko. Da aka juye, tsibin kwalbati ya fi, ba da yawa ba.

Gidanmu ya yi nauyi bayan nan. Kakana yana cin abincinta, yana amsa gaisuwarta, amma daga nan ba ƙari. A ƙofar masallaci ana yi masa shaguɓe wai a gidansa aka kayar da shi. Ita kuma ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma yi alfahari ba. Ta ci gaba da suyarta.

Dama an faɗa tun a taron cewa hukuma za ta kawo siminti da rodi da magina, gari kuma ya kawo yashi da tsakuwa da hannu. Kayan suka iso, aka jibge su a bakin rafi, amma maza suka noƙe, kowa na cewa waɗanda suka zaɓa su ɗauka. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mata suka fara jidar tsakuwa a kwanuka, abin ba ya ko motsi. Wata Juma'a bayan an sallame, kakana ya miƙe ya ce shi har gobe yana ganin ɗakin ajiya ya fi, amma shi ma ya jefa ƙwayarsa, kuma da tasa ce ta ci da zai so kowa ya fito. Ya kira gayya. Washegari shi ya fara isa da amalankensa, Fulani suka kawo bijimai, kakata ta dama kunu a babbar tukunya. Da ta miƙa masa ludayi ya karɓa, ya kurɓa, ya ce tsamiya ta yi yawa. Daga jin haka muka san an shirya.

Yau kakana da kakata duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ajin ya daɗe da tashi, ƙawancen ma ban san inda ya kwana ba. Kwalbatin yana nan, gefensa ɗaya ya tsage, 'yan acaɓa suna wucewa a guje da mata masu goyo, ba wanda ya san an taɓa gardama a kansa. Ɗakin ajiya kuwa sai bayan shekaru aka gina, kakana bai gan shi ba. Yanzu kusan kowa ya iya karatu, kowa da waya a hannu. Ƙorafi ya fi na da yawa, a waya ake yinsa, amma in an kira taron mazaɓa sai ka ga benci ya fi mutane.

A watan jiya aka kira taro a kan rufin makarantar unguwarmu da iska ta yaye. Na leƙa wajen maƙwabciyata, mai 'ya'ya a makarantar, na ce ta zo mu je. Ta ce mu wa zai saurare mu. Ban yi mata wa'azi ba, na ce ta ɗauko mayafinta kawai, kusa da ni za ta zauna. Ta zo, ta zauna, har aka tashi ba ta ce uffan ba. Sai a hanyar gida bakinta ya buɗe, ta zayyano mini duk abin da ya kamata a yi, tun daga mai aikin da za a kira har yadda za a raba yara kafin a gama. Wallahi ya fi duk abin da aka faɗa a zauren. Na ce mata na ji, amma ni ba kansila ba ce.

Ta yi dariya. Mun kusa ƙofar gidanta ta tsaya, tana wasa da bakin mayafinta, ta ce, "Yaushe ne na gaba?"